Bill O'Herlihy: Ɗan jaridar da ya taɓo masu bashi da ruwa, aka tura shi hirar ƙwallo

Masu karatu da suka mallaki hankalinsu a shekarar 2002 ba za su manta da safiyar Asabar 1 ga watan Yuni ba. Ƙarfe bakwai da rabi ne na safe, lokacin da aka saba jin ƙarar buɗe ƙofofin shaguna da kiran 'yan dako, amma a ranar kasuwarmu ta yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, domin kowa ya nufi gidan kallo ko teburin mai shayin da ke da janareto. Zakunan Kamaru, waɗanda 'yan watanni kafin nan suka ɗauko kofin Afirka a Mali, su ne za su kara da ƙasar Ayalan a birnin Niigata na Japan, a wasansu na farko na gasar cin kofin duniya. Samuel Eto'o ya kutsa ta dama ya miƙa wa Patrick Mboma, shi kuma ya jefa ta a raga kafin a tafi hutun rabin lokaci. Bayan an dawo ne wani mai suna Matt Holland ya ɗirka ta daga nesa ya farke, aka tashi 1 da 1, muka koma muka buɗe shaguna jiki a sanyaye.

A wannan watan agogon Ayalan daidai yake da namu, saboda haka su ma sammako suka yi. Fuskar da ta yi musu barka da asuba a tashar talabijin ta ƙasarsu, wato RTÉ, ta wani dattijo ce mai yawan fara'a, ɗan shekara 63, mai suna Bill O'Herlihy. Bai taɓa buga wa wata babbar ƙungiya ƙwallo ba, bai kuma taɓa horar da kowa ba, amma ya gabatar wa ƙasarsa gasar cin kofin duniya har sau 10, da wasannin Olamfik sau 10, kuma da ya rasu a shekarar 2015 an yi juyayinsa kamar wani shugaba.

Abin da ya ja hankalinmu gare shi, mu da muke aikin rediyon gari, ya wuce ƙwallo. Mutumin nan bai shiga harkar wasanni da son ransa ba. Tura shi aka yi, bayan ya yi shiri a kan wata matsala da duk ɗan kasuwar da ke karanta wannan shafi ya san zafinta, wato bashi da ruwa.

Ɗan Cork da bai je jami'a ba

An haifi Bill O'Herlihy ranar 26 ga Satumba, 1938, a birnin Cork, gari na biyu mafi girma a Jamhuriyar Ayalan, wanda ke bakin teku a kudancin ƙasar. Ayalan tsibiri ne da ke yamma da Ingila, ta daɗe a ƙarƙashin mulkin Turawan Birtaniya kafin mafi yawanta ya samu 'yanci a 1922, yayin da yankin arewa ya ci gaba da zama a hannun Birtaniya har yau. Mutanen jamhuriyar sun ɗan haura miliyan 5 a ƙidayar 2022, amma a ƙuruciyar O'Herlihy ba su kai miliyan 3 ba, kuma talauci ya sa samari da 'yan mata na ta tafiya ci-rani Ingila da Amurka.

Shi bai tafi ba. Tun bai cika shekara 17 ba ya ajiye karatu, ya bi sawun kakansa zuwa gidan jaridar Cork Examiner, inda ya fara daga ƙasa, yana duba kurakuran rubutu kafin a buga. Daga nan aka mayar da shi jaridar yamma ta kamfanin, Evening Echo, wadda yara ke tallarta a titunan Cork. A nan ya koyi tace labari da sanya masa kai, yana kuma aika wa rediyon ƙasa rahoton wasannin ƙwallo na garin.

Talabijin ta ƙasar ta fara aiki ne a daren ƙarshe na shekarar 1961. A 1965 aka nemi wanda zai yi rahoto kan cika shekara 50 da nutsewar jirgin ruwan Lusitania, wanda jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin teku ya harbo a gaɓar Cork a 1915, mutum kusan 1,200 suka hallaka. O'Herlihy ne ya yi rahoton, kuma shi ne karon farko da aka ga fuskarsa a akwatin talabijin. Aikin ya yi kyau, aka riƙa ba shi rahotannin karkara a wani shiri mai suna Newsbeat, har zuwa lokacin da aka kira shi babban birni Dublin ya shiga 7 Days, shirin da a wancan zamani ministoci ke shakkarsa.

Shirin da ya tayar da ƙura

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. A unguwannin talakawan Dublin na shekarun 1960, banki ba ya kallon lebura ko matar da mijinta ba shi da aiki, saboda haka idan haya ta taso ko yaro ya kwanta, sai a nufi wurin masu ba da bashi da ruwa, waɗanda da yawansu ba su da lasisin hukuma. Wata dabara da suka shahara da ita ita ce karɓe littafin da iyali ke amsar kuɗin tallafin yara da shi a gidan waya, su riƙe a matsayin jingina, ta yadda idan ranar biya ta zo kuɗin zai wuce aljihunsu kai tsaye. Mai karatu da ya taɓa karɓar jaka goma don ya cike kuɗin kaya, ya wayi gari ya biya jaka ashirin amma uwar kuɗin na nan daram, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

A watan Nuwamba na 1969 shirin 7 Days ya fito da rahoto kan waɗannan mutane, O'Herlihy ne kuma ɗan rahoton. An yi amfani da ɓoyayyar kyamara da na'urar ɗaukar murya, abin da ba a saba gani ba a ƙasar a lokacin. Shirin ya nuna cewa sana'ar ta yaɗu, ana razana waɗanda suka kasa biya, kuma 'yan sanda ba su yin abin da ya kamata.

Gari na wayewa magana ta cika ƙasa. Mutane da dama sun zaci za a fara kame, amma sai Ministan Shari'a na lokacin, Mícheál Ó Móráin, ya miƙe a majalisa ya yi kaca-kaca da shirin, yana mai cewa an zuzuta abin. A watan Disamba gwamnatin Firaminista Jack Lynch ta sa majalisa ta kafa kotun bincike ta alƙalai uku, kuma aikin da aka ɗora mata shi ne ta binciki yadda aka shirya shirin da sahihancin abin da ya nuna. Wato dai an bar jaki ana dukan taiki. Kotun ta shafe makonni masu yawa tana zama a shekarar 1970, 'yan jarida na amsa tambayoyin lauyoyi kamar su ne suka ci kuɗin talakawa.

Da rahoton ya fito, ya ce lallai shirin ya yi ƙari a kan girman matsalar, ya kuma soki hanyoyin da aka bi wajen haɗa shi, ko da yake bai gaskata zargin da aka yi cewa an ɗura wa mutane barasa don su faɗi abin da ake so ba. A farkon 1971 wasu 'yan majalisa na ɓangaren adawa, ciki har da Garret FitzGerald, sun soki yadda aka kafa kotun tun farko. Amma aikin gama ya gama. Gwiwar ma'aikatan sashen ta yi sanyi, shi kuwa O'Herlihy zamansa a fagen binciken labarai ya ƙare.

Mu ma a 'yar tasharmu mun taɓa buɗe layi ga masu saurare a kan wannan batu. Mata masu ƙananan sana'o'i da 'yan tebur suka yi ta bugowa har lokaci ya ƙure, wasu na magana murya na rawa. Washegari tambayar farko da aka yi mana daga sama ita ce wa ya ba mu izini, kuma babu wanda ya tambayi halin da masu kiran ke ciki. To amma labarin O'Herlihy ya koya mana wani abu da ba ya da daɗin ji: idan ɓarnar da ka gani bakwai ce ka ce goma, za a bar bakwai ɗin a kama ka da ukun da ka ƙara. Ɗan jarida da ɗan kasuwa duka da mudu suke aiki, kuma ranar da aka kama mudunka da algus, ko tsabar da ke ciki mai kyau ce ba mai saurarenka.

Ita kuwa matsalar ba ta gushe ba don an hukunta masu faɗa. Abin da ya rage mata ƙarfi sannu a hankali shi ne ƙungiyoyin ajiya da lamuni na unguwa, masu kama da adashinmu amma da rajista da littafi, waɗanda suka soma a ƙarshen shekarun 1950 suka bazu ko'ina a ƙasar. A 1992 gwamnati ta buɗe ofisoshin ba da shawara kyauta ga waɗanda bashi ya yi wa katutu, sai kuma a 2022, wato shekara 53 bayan shirin, aka yi dokar da ta sanya wa masu lasisin ba da irin wannan bashi iyakar ruwan da za su ɗora.

Wani hani ga Allah baiwa ne

Da aka mayar da O'Herlihy sashen wasanni, shugaban sashen shi ne Michael O'Hehir, mashahurin mai sharhin wasannin gargajiya na ƙasar, kuma kamar yadda O'Herlihy da kansa ya sha ba da labari, ba a yi masa wata maraba ba. Babban aikinsa na farko shi ne wasannin Olamfik na birnin Munich a 1972. A 1978, lokacin gasar Ajantina, ya fara gabatar da kofin duniya, bai kuma sake fashin ko ɗaya ba har 2014.

Ya kamata mai karatu ya san cewa a wancan lokaci ƙwallon ƙafa irin wadda muka sani ba ita ce gaba a Ayalan ba. Suna da wasanninsu na gado guda biyu, wata ƙwallo da ake bugawa da hannu da ƙafa, da kuma wani wasan sanda mai suna hurling. Ƙungiyar da ke kula da su, GAA, ta haramta wa mambobinta buga ƙwallon ƙafa ko ma zuwa kallonta, domin ana ganinta wasan 'yan mulkin mallaka ne, kuma sai a 1971 aka soke wannan doka. Bugu da ƙari, gidaje da yawa a Ayalan na kama tashoshin Ingila irin su BBC da ITV, masu kuɗi da kayan aiki. Ke nan ƙaramar tasha kamar RTÉ sai ta nemo abin da manyan ba su da shi, in ba haka ba masu kallo su juya mata baya.

Dillali da dattawansa uku

Abin da suka samo shi ne gardama ta gaskiya. Tsofaffin 'yan wasa uku ne suka fi daɗewa a gefen O'Herlihy. Akwai Eamon Dunphy, wanda ya yi wasa a Millwall ta Ingila kafin ya koma rubutu a jarida, mutum mai kaifin harshe da ba ya tauna magana. Akwai John Giles, tsohon gwanin tsakiya na Manchester United da Leeds United wanda ya taɓa horar da ƙungiyar ƙasar, ya shigo shirin a 1986, mai sanyin magana, mai bin wasa dalla-dalla. Daga baya, a 1998, Liam Brady ya zo, wanda magoya bayan Arsenal suka sani, ya kuma ci gasar Italiya sau biyu da Juventus.

Yayin da tashoshin Ingila ke lallaɓa 'yan wasa da masu horarwa, waɗannan ukun idan wasa ya yi muni sai su ce ya yi muni, ko da ƙasarsu ce ta buga. Dunphy ya taɓa musanta cewa Michel Platini na Faransa babban ɗan wasa ne, ya kuma daɗe yana kushe Cristiano Ronaldo, jama'a na ta yi masa dariya, shi ko a jikinsa. Sau da yawa hirar bayan wasa ta fi wasan kansa armashi, har mutane kan ƙi tashi sai an gama ta.

To mene ne aikin O'Herlihy a ciki? Duk wanda ya taɓa zuwa kara ya ga dillali. Saniyar ba tasa ba ce, ba kuma shi zai saya ba, amma in babu shi ciniki ba ya faɗawa. Ya san lokacin da zai zuga mai saye, da lokacin da zai rarrashi mai sayarwa, da lokacin da zai ja bakinsa ya yi shiru. Haka O'Herlihy yake a kujerarsa. Yakan ajiye kansa a matsayin mutumin gida da bai san komai ba, ya yi tambayar da direban tasi ko mai sayar da nama zai yi in da an ba shi dama. Yakan ɗauko abin da wata jarida ta rubuta ya ajiye a gaban Dunphy, ya san sarai zai harzuƙa, sannan ya waiwaya wurin Giles ya nemi jin ko ya yarda. Idan wuta ta kama ba ya gaggawar kashe ta, sai ta kusa cin rufi, sa'an nan ya yi murmushi ya rufe da 'yar kalmarsa da kowa ya haddace, mai ma'anar a bar maganar a nan. Da ita ce ma ya sanya wa littafin tarihin rayuwarsa suna a 2012.

Wasu sun ɗauka rashin sani ne ke sa shi irin waɗannan tambayoyi. Abokan aikinsa kuwa sun san yakan yi shiri sosai kafin ya zauna, kuma tsohuwar sana'arsa ta bin diddigi ce ya zo da ita. Ya yarda a gan shi kamar ɗalibi domin mai kallo ya ƙaru, abin da masu gabatar da shiri da yawa, har da mu nan, girman kai ke hana mu. Matambayi dai ba ya ɓata. Shaharar shirin ta kai har wasu 'yan barkwanci suka buɗe nasu mai suna Après Match a tashar, suna kwaikwayon muryarsa da ta dattawan nasa, shi kuma yana dariya tare da kowa.

Shekarar da muka yi rawa tare

Gasar Italiya ta 1990 ita ce ta ɗaga shi, kuma a nan tarihinsu ya haɗu da namu. Muna yara a lokacin, amma ba mu manta da ƙwallon da François Omam-Biyik ya ci Ajantina ta Maradona da ka a wasan buɗe gasa ba, balle rawar Roger Milla, ɗan shekara 38, a jikin tutar kwana. Kamaru ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe.

Ayalan kuwa wannan ne zuwanta na farko kofin duniya, a ƙarƙashin wani Bature ɗan Ingila, Jack Charlton, mai son a ɗirka ƙwallo gaba a bi ta da gudu. Sun yi 1 da 1 da Ingila, suka yi canjaras babu ci da Masar, suka sake yin 1 da 1 da Holan. Bayan wasan Masar, wanda ya yi muni ƙwarai, Dunphy ya yi jifa da alƙalaminsa a gaban kyamara yana cewa irin wannan wasa abin kunya ne. Ƙasa ta yi masa ca, Charlton ya ƙi amsa tambayarsa a taron manema labarai, amma shirin bai sauya hali ba, kuma O'Herlihy ya ci gaba da ba shi dama ya faɗi ra'ayinsa.

Ranar 25 ga Yuni a birnin Genoa suka haɗu da Romaniya, aka kai ga bugun fenareti. Mai tsaron gida Packie Bonner ya kaɗe bugun Daniel Timofte, David O'Leary ya ci na ƙarshe, aka tashi 5 da 4. Da kyamara ta dawo ɗakin shiri, sai ga O'Herlihy, mutumin da aka sani da kwat da natsuwa, ya ɗora wata hular wasan yara mai hannuwa biyu da ke tafi a kansa. Har yau ana nuna wannan hoto a ƙasar. Italiya ta fitar da su da ci 1 da nema ta ƙafar Salvatore Schillaci ranar 30 ga Yuni. Washegari, 1 ga Yuli, dubban ɗaruruwan mutane suka tarbi 'yan wasan a Dublin, a ranar da Nelson Mandela, wanda bai cika wata biyar da fitowa daga kurkuku ba, shi ma ya sauka a birnin. A daren ranar ce kuma Ingila ta fitar da Kamaru da ci 3 da 2 a Napoli, bayan Gary Lineker ya ci fenareti biyu. A wannan shekara aka ba O'Herlihy lambar yabo ta Jacob's, wadda ake ba gwanayen rediyo da talabijin na ƙasar.

Kowa da tasa rigimar

Idan muka koma wasan 2002 da muka buɗe da shi, ƙungiyoyin biyu duka da ciwon kai suka isa fili. 'Yan wasan Kamaru sun yi zaman dirshan a Paris kan kuɗin alawus, suka isa masaukinsu na Japan a makare da kwanaki. Su kuwa Ayalan sun yada zango a tsibirin Saipan, inda kyaftin ɗinsu Roy Keane na Manchester United, wanda shi ma ɗan Cork ne, ya koka da taurin filin atisaye da jinkirin isowar kayan aiki. Suka yi cacar baki da koci Mick McCarthy a gaban sauran 'yan wasa, aka sallame shi ya koma gida tun ba a take leda ba.

Ƙasar ta rabu gida biyu, har 'yan uwa na daina gaisawa. Dunphy, wanda shi ne ke rubuta wa Keane littafin tarihinsa, ya tsaya kai da fata a bayansa, har ya shigo ɗakin shiri ranar wasan da launukan Kamaru a jikinsa. O'Herlihy ne ya riƙe linzami a tsakani, ya bar kowane ɓangare ya amayar da abin da ke cikinsa. A ƙarshe Ayalan ta fito daga rukunin tare da Jamus, Sifen ta cire ta a bugun fenareti, Zakuna kuwa suka dawo gida tun zagayen farko. Haka kuma shi ne a kujerar a daren 18 ga Nuwamba, 2009, lokacin da Thierry Henry ya tare ƙwallo da hannu a Paris ya ba William Gallas ya ci, Faransa ta tafi Afirka ta Kudu, Ayalan ta zauna a gida.

Taura biyu a baki ɗaya

Ba za mu yi wa mai karatu adalci ba idan muka tsaya a yabo. Tun 1973 O'Herlihy ya buɗe kamfaninsa na hulɗa da jama'a, mai gyara wa kamfanoni da 'yan siyasa suna da yi musu kamun ƙafa a wurin hukuma. A shekarun 1980 yana cikin masu ba Garret FitzGerald shawara kan yaƙin neman zaɓe, wato ɗan majalisar nan da ya soki kotun binciken da aka kafa wa shirinsu, wanda daga baya ya zama Firaminista a ƙarƙashin jam'iyyar Fine Gael. Kowa ya san inda ya karkata a siyasa, ko da yake ba ya kawo ta cikin hirar ƙwallo.

Abin da ya fi jawo masa suka shi ne aikin da ya yi wa kamfanonin taba sigari. Ayalan ce ƙasa ta farko a duniya da ta hana shan taba a duk wuraren aiki, a 2004. A 2013 aka yi ta surutu bayan an gano cewa Firaminista Enda Kenny da wasu ministocinsa sun gana da shugabannin kamfanonin taba, kuma sunan O'Herlihy ya fito cikin maganar. An ce batun fasa-ƙwaurin sigari aka tattauna, matsalar da 'yan kasuwar kan iyaka suka san yadda take karya mai biyan kuɗin kwastan. Sai dai ƙungiyoyin yaƙi da ciwon daji da na zuciya sun ce kamfanonin na fakewa da guzuma ne domin su hana sababbin dokokin rage shan taba. Mutane da dama sun yi mamakin yadda wanda ya fara suna da kare talaka, wanda kuma shi kansa aka yi wa aikin zuciya a 1984 ya kuma yi jinyar ciwon daji na hanji a 2007, zai tsaya wa irin wannan haja. Hausawa dai sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma wannan gargaɗi ne ga duk ɗan jaridar da ke haɗa makirufo da kwangila.

Sallama

Ranar 13 ga Yuli, 2014, bayan Mario Götze ya ci wa Jamus ƙwallon da ta doke Ajantina a wasan ƙarshe a filin Maracanã na Birazil, O'Herlihy ya yi ban kwana da masu kallo, Giles da Dunphy da Brady na zaune a gefensa. Ya kusa cika shekara 50 a gaban kyamara. Darragh Maloney ne ya gaje kujerar. A lokacin yana kuma shugabantar hukumar fina-finai ta ƙasar, muƙamin da aka ba shi a 2013.

Bai cika shekara guda da ajiye aiki ba ya rasu a gidansa da ke Dublin, ranar 25 ga Mayu, 2015, yana da shekara 76, alhali a daren da ya gabata an gan shi lafiya lau a wajen bikin ba da kyaututtukan fina-finai da talabijin. Shugaban ƙasa Michael D. Higgins da Firaminista Kenny na cikin waɗanda suka yi ta'aziyya. Bayansa majalisar ta watse ɗaya bayan ɗaya: Giles ya bar tashar a 2016, Dunphy a 2018, Brady kuma a 2023. Mai son ganin yadda suke yi zai samu guntayen shirye-shiryensu a YouTube, kuma ko bai jin Turanci sosai zai gane wane ne mai hura wutar.

A kasuwanninmu ba a rasa masu sani. Kowace rumfa akwai Giles ɗinta da Dunphy ɗinta, masu iya kwana suna gardama kan Arsenal da Barcelona, ko kan farashin sefa da naira. Wanda ya yi ƙaranci shi ne mai yin tambaya a madadin wanda ba a ba shi bakin magana ba, kamar matar da aka riƙe wa kaya saboda ruwan bashi, ko yaron shagon da ba ya iya ɗaga ido a taron ƙungiya. O'Herlihy ya yi irin wannan tambaya sau ɗaya a 1969 ta ci masa kujera, ya koma ya yi shekara fiye da 40 yana yin ta a fagen da ba a kafa wa mutum kotu. Mu da muke riƙe da makirufo, da ku shugabannin kasuwa da ake kawo wa ƙara, tambayar farkon tana nan tana jiranmu, kuma idan za mu yi ta, mu auna da mudun gaskiya, kada mu ƙara ko ƙwaya ɗaya. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya raba mu da bashin da ba ya biyuwa.